Makullin Get Ɗaya Ne, In Ji Su

Litinin, da hantsi

Kai da ka buɗe littafin nan ba da izinina ba, bari in tambaye ka. Ka taɓa bin mahaifinka a baya kana sanɗa, takalmi a hannu, kana addu'a kar ya waiwayo? In ba ka taɓa ba, karanta bakinka a rufe.

An sace batirin motar Ciyaman. Mun tashi da safe muka tarar da bonet a ɗage, wayoyi suna lilo kamar hanjin kaza. Gidanmu gidan haya ne, bene, kowa da ɗakunansa, amma tsakar gida ɗaya ce, nan motoci da babura suke kwana. Get ɗaya, kwaɗo ɗaya, makulli ɗaya. Makullin kuwa yana aljihun Baba tun ina rarrafe. Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda yake biyansa. Shi ya fi kowa daɗewa a gidan, kuma tun da ya ajiye tuƙin bas wannan ne aikinsa. Bayan isha ya rufe, da asuba ya buɗe, ya tsaya a bakin get yana sallamar kowa kamar fasinjojinsa ne.

Ciyaman shi ne shugaban 'yan haya. Mun zaɓe shi ne don shi kaɗai yake da kwat. Ya tsaya a tsakar gida da singileti yana jujjuya kwaɗon a hannu.

"Ba a fasa ba," ya ce. "Ba a yanka ba. A buɗe aka same shi, a rataye. To ko aljani ne?"

Da ya ce aljani sai ya kalli ƙofarmu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in da magana a bakinka fito da ita, kar ta ruɓe a ciki."

Umma ta damƙi gefen rigata ta ja ni ɗaki. Ta ce wata rana bakina ne zai sa a watso mana kaya waje.

Baba lafiyarsa ƙalau.

Talata, da rana, a shago

Aikina fotokwafi. Ni da makaranta mun rabu da wuri, kowa ya kama gabansa, amma duk takardar da ta bi ta injin nan sai ta bi ta idona. A haka na karanta rabin littafin shari'a, da littafin kiwon zomo, da tarihin wata ƙasa da har yau ban san inda take ba. Shi ya sa Baba yake ce mini Lauya.

Yau wata mata ta kawo takardar da 'yan sanda suke rabawa a kan satar ababen hawa. Na buga mata, na ƙara ɗaya don kaina. Wai kar a bar jaka ko waya a kan kujera. A ɗaure babur da sarƙa a jikin abin da ba ya motsi. A sa fitila inda ake ajiye mota. A rubuta lambar inji a adana. Maƙwabta su san juna. Wannan ta ƙarshen ta ba ni dariya. Mu a gidanmu mun san juna har mun san mai minshari da mai tari.

Laraba, da magariba

Na manna takardar a bangon matakala. Har wani ya rubuta a ƙasanta wai yana sayar da katifa.

Alhamis, bayan isha

Bari in rubuta yadda abin yake sau ɗaya in huta.

Baba yakan ɗauki tocila ya sauka. Ya ja ɓangaren hagu, ya ja na dama, ya zura sakata, ya rataya kwaɗo. Sai ya bubbuga get ɗin da tafin hannu, yadda yake bubbuga jikin bas in ya tashi aiki. Ya juyo.

Wani lokaci yana danna kwaɗon.

Ni kuma ina bayan tankin ruwa. In ya hau matakala sai in fito in taɓa. In a danne yake, shi ke nan. In ba a danne ba, in lulluɓe shi da rigata in danna don kar ya yi ƙara. Kwaɗo ba ya neman makulli wajen rufewa, Allah ya yi wa wanda ya ƙirƙiro shi albarka.

Tun bara nake haka, ba na fashi. Daren batirin Ciyaman ma da hannuna na danna.

Gajiya ce kawai. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan sitiyari dole ya gaji.

Asabar, da yamma

An yi taro a ƙarƙashin matakala. Tela, wanda shagonsa yake bakin titi, ya kawo ƙwan lantarki aka ɗaura a kan tanki. Anti Nas, mai aikin asibiti da take ɗakin ƙasa, ta ce ita dai a daina barin yara suna fita su bar get a wangame da rana. Ciyaman ya karanta takardata da ƙarfi kamar shi ya rubuta.

Baba ne tauraron taron. Ya nuna musu yadda ake gitta ƙarfe a kan batir a ɗaure da noti, yadda ɓarawo zai gaji ya tafi. Ya ce wa Tela, "Kai kuma sarƙarka a taya kawai kake sawa. Babur ba giwa ba ne, mutum biyu sun ɗauke shi." Tela ya ce, "Baba, wa zai so wannan akwalar? Ni ma don dole nake hawa." Sai Baba ya ba da labarin ranar da ya kama ɓarawo yana kwance tayar bas, ya tsuguna kusa da shi ya miƙa masa sifana ya ce, "Wannan ta fi shiga." Kowa ya yi dariya.

Ba a jima ba ya sake ba da labarin, daga farko, da sifanar da komai.

Suka sake yin dariya, daidai irin ta farko. Na bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya ina neman mai murmushin mugunta in ci masa mutunci. Ban samu ba. Hakan ma ya ba ni haushi.

Litinin, da safe

Makulli ya ɓata da asuba. Mun ɗaga katifa, mun zazzage aljihuna, Baba yana tsaye a tsakiyar ɗaki yana shafa ƙirji inda aljihun yake. A gwangwanin sukari aka same shi.

Baba ya ce, "Wa ya sa shi nan?"

Umma ta ce, "Ni ce, Baban Lauya. Ina share tebur jiya na jefa. Ka yi haƙuri, tsufa."

Ya ce, "Ke dai ki riƙa kula." Ta ce to.

Rana ta fito kafin ya buɗe get. Ba wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, ba wanda ya yi ƙorafin makara. Mutanen gidan nan wani lokaci suna da kirki har ya zama abin tuhuma.

Laraba, da dare bai yi nisa ba

Baba ya kira ni da sunan ƙaninsa da ya rasu kafin a haife ni. Na amsa.

Juma'a, da safe

Ɓarayi sun ɗauke babur ɗin Tela. Sun haɗa da madubin motar Ciyaman, duka biyun. Kwaɗo a buɗe, a rataye, lafiyarsa lau.

Da wannan babur Tela yake kai yaransa makaranta, da shi yake kai ɗinki. Ya tsaya yana kallon tabon baƙin mai a ƙasa. Baba ya je ya tsaya kusa da shi. Tela ya ce, "Baba, ka faɗa mini ban ji ba. Laifina ne." Baba kuwa get yake kallo.

Ciyaman ya ce ba wannan Lahadin ba, ta sama, za a zauna a sake tsarin makulli. "Ba don komai ba," ya ce, "don a hutar da dattijo." Hutarwa. Haka ake ce wa abin in ana so a karɓe wa mutum aikinsa a gaban jama'a ana masa murmushi.

Ni na san get ɗin nan a rufe ya kwana. Yatsuna sun sani. Amma in na miƙe na ce na danna, sai a ce me ya kai ka dannawa? Sai in ce me? In wanke Baba daga laifin barin get a buɗe, sai na faɗa wa duniya, shi ma yana ji, cewa ɗansa yana laɓewa bayan tanki yana gyara masa aiki. Gaba kura, baya sayaki.

Baba lafiyarsa ƙalau. Bai ci abinci ba dai.

Lahadi, da rana

Ban karanta komai ba yau. Na buɗe littafin zomo na rufe.

Litinin, da asuba ta wuce

Na sauka ɗiban ruwa gari bai gama wayewa ba, Baba bai fito ba tukuna. Sai na ga hannu ya shigo ta 'yar tagar da take jikin get, ya lalubi kwaɗo, ya zura makulli, ya murɗa. Na ɗaga bokiti zan kwaɗa wa mai shigowa. Sai ga Anti Nas da farar riga, ta dawo daga aikin kwana. Ta shigo, ta mayar da sakata, ta danna kwaɗon, ta juyo ta gan ni da bokiti a sama.

"Lauya, in za ka fasa mini kai bari in ajiye jakata."

"Anti, ina kika samu makulli?"

"Rage murya."

"Makulli ɗaya ne a gidan nan."

"Ɗaya ne a wajen Baba," ta ce. Ta zauna a kan matakala ta cire takalmi. "Bara na tsaya a waje har rana ta fito, ana neman makulli a sama. Karo na biyu ma haka. Me kake so in yi, in buga get in tara masa jama'a? Na je na yanko nawa. In na shigo in mayar in rufe, in ya sauko ya buɗe abinsa."

"Ke kaɗai?"

Ta yi dariyar gajiya. "Tela ya yanka daga nawa. Mai ɗakin sama ya yanka daga na Tela. Ciyaman ma yana da shi. Duk mai sammako sai ya fita ya zuro hannu ya rufe. Kai kana tsammanin kai kaɗai kake da uba a gidan nan?"

Na sauke bokitin na ajiye a ƙasa.

Sai ga tocilar Baba tana saukowa. Anti ta cusa takalminta a jaka, ta shige ɗakinta da gudu kamar yarinya. Baba ya buɗe get, ya leƙa titi, ya ce, "Yau Nas ta makara." Na ce ƙila aiki ya yi mata yawa.

Litinin, da yamma

Na tsare Umma a kicin. Na ce Anti Nas daga wane makulli ta yanka nata?

Ta ci gaba da yanka albasa. "Yana barcin rana na zaro na ba ta. Kafin ya farka ta dawo da shi."

"Umma, kin san abin da kika yi?"

"Na sani. Na saya wa mijina shekara guda yana fita da asuba kansa a sama. Kai me ka saya masa da bakin nan naka?"

Albasar tana da ƙarfi. Mu duka biyu ta kama mu.

Laraba, da la'asar

Na bi sawun makullan kamar mai bin sawun akuya. Na Anti Nas yana jakarta. Na Tela a ƙusa yake rataye a shago, kusa da almakashi, inda kowa yake shiga gwajin riga. Na mai ɗakin sama wai ya ba ƙanin matarsa da ya kwana biyu a nan, bai tuna ko ya dawo da shi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Namu bangon da ƙauna aka tsaga shi, gida guda, kowa da gudumarsa.

Na Ciyaman na bari a ƙarshe. Na same shi a wajen wankin mota, yana zaune a benci yana danna waya. Motar tana can ana kumfa, makullinta a jikin ƙofa, kuma a zoben ga ɗan makullin get ɗinmu yana lilo. Haka yake barinsa a gareji, haka a wajen wanki, wuni guda wani lokaci.

Na zauna kusa da shi na ce, "Ranka ya daɗe, wancan ƙaramin na wace ƙofa ne?"

Ya kalla, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Lauya, ka san motar nan ba tawa ba ce. Ta kamfani ce. Na rubuta musu cewa mai kula da get ne ya bar shi a buɗe. In na koma na ce ni nake yawo da makulli a gari, aikina ya tafi. Yara huɗu gare ni."

"To Baba fa?"

"Baba ba a korarsa daga ko'ina. Makulli ne kawai. Kwana biyu ya manta."

Na miƙe. Abubuwan da suka zo bakina da na faɗa, da Umma ta yi gaskiya a kan kayanmu. Na ce masa kawai, "Ranar da aka kawo matarka daga asibiti, wa ya tsaya a get da lema?" Ya sunkuyar da kai. Abin haushin, ba mugu ba ne. Da mugu ne da na ji daɗin tsanarsa.

Ban san ta wane makulli aka shigo mana ba. Ƙila ba za a taɓa sani ba. Na dai san ta wanda ba a shigo ba.

Alhamis, bayan isha

Baba ya rataya kwaɗo, ya bubbuga get, bai juyo ba. Ya ce, "Lauya, fito daga bayan tankin nan, sauro zai cinye ka."

Na fito, takalmi a hannu.

"Direba ne ni," ya ce. "Na bayana nake fara gani. Sa takalminka, zo ka danna a gabana."

Na danna. Karo na farko da na ji ƙararsa sosai.

Muna hawa matakala ya ce, "Daren babur ɗin Tela, ka danna?"

"Na danna, Baba."

"To alhamdu lillahi."

Muka kai ƙofar ɗaki. Ya tsaya yana cire hula. Ya ce, "Lauya, daren babur ɗin Tela. Ni na bar shi a buɗe, ko?"

Juma'a, da safe

Ya sake tambaya. Na sake amsawa.

Juma'a, da yamma

Ciyaman ya yi kuskure da ya ce kwana biyu zai manta. Umma ta fi kowa sanin abin. Ta ce abin da ya ci da safe yana tafiya, sunan mutum yana tafiya, amsata ma tana tafiya, amma abin da ya ji kunyarsa yana zama daram. Ta ce, "Maganarka ba ta kama shi don ya san kai ɗansa ne, za ka rufa masa asiri. Sai ya ji daga bakin wanda ba shi da dalilin tausaya masa."

Na ce in aka fito da makullan a gabansa fa, ya gane shekara guda ana masa wasan kwaikwayo?

Ta ce, "Gara ya san an so shi har an yi masa ƙarya, da ya kwanta da cewa shi ya cuci Tela."

Na je wajen Anti Nas, ta ce za ta ajiye nata a gaban kowa. Tela ma haka, har ya sayo sabon kwaɗo, irin wanda ba a yanka makullinsa a bakin titi. Ya ce a toshe 'yar tagar nan da walda, mai sammako ya ƙwanƙwasa, Baba ya sauko ni ina gefensa. Mai ɗakin sama ya ce duk abin da aka yi shi ma yana ciki. Saura mutum ɗaya, kuma shi ne wanda ya kalli ƙofarmu.

Asabar, da magariba

Baba ya sa Umma ta goge masa farar rigarsa. Ya goge makullin da toka har yana ƙyalli, ya naɗe a hankici. Ya ce gobe ba zai jira a tambaya ba, da kansa zai miƙa, kuma zai ba Tela haƙuri a gaban mutane. Yana ta maimaita kalmomin a hankali don kar su gudu.

Ciyaman, da kai nake. Gobe in an zauna a ƙarƙashin matakala, kafin tsohon nan ya kwance hankicinsa, ka miƙe. Ka zaro zoben makullinka ka ajiye a kan benci kowa ya gani. Abin da za ka gaya wa kamfaninku wannan tsakaninka da su, ban ce ka kai kanka mahauta ba. Amma a gidan nan, a gaban Tela da Anti Nas da Umma da yaranka, ka dubi Baba a ido ka amsa da murya mai ƙarfi, yadda zai shiga ya zauna: makulli nawa ne a gidan nan, kuma naka a hannun wa da wa ya wuni?